Idan Ido da Kunne Suka Yi Rauni Tare: Bayani ga Dattawa da Masu Kula da Su

An shirya wannan takarda domin ku, idan shekaru sun ja kuma kun lura gani ko ji ya fara raguwa, ko kuwa akwai dattijon da kuke kula da shi a gida. Tana bayani a kan abin da ke faruwa idan raunin ya haɗu a wuri fiye da ɗaya, da haɗarin da ke tattare da hakan, da irin taimakon da hukumar lafiya ta NHS da ƙananan hukumomi suke bayarwa a Ingila. Karanta ta ba ya ɗauke muku ganin likita. Idan karatu yana yi muku wuya, ku sa wani ya karanta muku a wurin da babu hayaniya.

Me ake nufi da rauni a wuri fiye da ɗaya?

A Hausa abu biyu muke ambata, gani da ji. Amma shi ji rassa gare shi: akwai jin magana da kunne, jin ƙanshi da hanci, jin ɗanɗano da harshe, da jin zafi ko sanyi ko taɓi a fata. Akwai kuma wani sashe can cikin kunne wanda ke riƙe da daidaiton jiki, shi ne ke hana mutum tangaɗi idan ya miƙe.

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma a jikin ɗan Adam taimakon juna suke yi. Wanda kunnensa ya yi nauyi yakan kalli leɓen mai magana ya cike abin da ya wuce shi, sau da yawa ba tare da ya san yana yin haka ba. Wanda idonsa ya yi rauni yakan gane mai shigowa da muryarsa, ya san mota na tafe da ƙararta. Idan biyun suka ragu tare, babu mai rufa wa wani baya. Shi ya sa ɗan raunin ido da ɗan raunin kunne, idan suka haɗu, sukan fi babban rauni guda ɗaya wahalar da mutum.

Wannan ba baƙon abu ba ne. Wani bincike da masana a Jami'ar Chicago ta Amurka suka wallafa a 2016, a kan mutane kusan 3,000 masu shekara 57 zuwa 85, ya nuna cewa kashi biyu cikin uku nasu suna da rauni a wuri biyu ko fiye. A Birtaniya, aƙalla mutum bakwai cikin goma na waɗanda suka haura shekara 70 jinsu ya ragu.

Me ke kawo shi?

A ido, abubuwa huɗu ne suka fi yawa ga dattawa:

• Yanar ido. Gilashin da ke cikin ido ne ke dusashewa, sai a riƙa gani kamar cikin hazo, hasken fitilar mota kuma ya riƙa kashe ido da dare.
• Hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilakoma. Yana lalata jijiyar gani a hankali, yana farawa daga gefe, kuma yawanci babu ciwo. Ya fi kama mutanen da asalinsu daga Afirka yake, yana kuma kama su da wuri fiye da sauran jama'a. Ganin da ya riga ya tafi ba ya dawowa, amma maganin ɗigawa yana tsare wanda ya rage.
• Ɓarnar ciwon suga a ƙananan hanyoyin jini na bayan ido.
• Lalacewar tsakiyar fatar bayan ido saboda tsufa. Wannan yana cinye tsakiyar abin da ake kallo, sai karatu da gane fuska su gagara.

A kunne, ƙananan ƙwayoyin ji da ke can ciki suna mutuwa da shekaru, kuma ba sa sake tsirowa. Daɗewa cikin ƙara mai ƙarfi, kamar ta injin niƙa, janareto ko masana'anta, yana gaggauta wannan. Wanda ya taɓa yin sanƙarau, ƙyanda ko ciwon kunne mai fitar da ruwa tun yana yaro yana iya shiga tsufa da jin da dama ba cikakke ba. Wasu magunguna ma suna taɓa ji, kamar kwinin idan ya yi yawa, da allurar jentamaisin, da wasu magungunan ciwon daji. Wani lokaci kuwa dattin kunne ne kawai ya toshe hanya.

Jin ƙanshi da ɗanɗano sukan ragu saboda shekaru, shan taba, ciwon hanci mai daɗewa, bushewar baki da wasu magunguna ke kawowa, ko bayan mura mai tsanani da cutar korona. Rashin jin taɓi a tafin ƙafa kuwa, mafi yawansa daga ciwon suga ne. Ƙarancin sinadarin bitamin B12 ma yana kawo shi, kuma wanda ya daɗe yana shan maganin suga na metfomin yana iya samun wannan ƙaranci. Gwajin jini ne ke nuna shi.

Yaya zan gane ya same ni?

Raunin yana zuwa ne sannu a hankali, sau da yawa mutanen gida ne ke riga mai shi lura. Ku duba ko ɗaya daga cikin waɗannan ya shafe ku:

• Kuna jin sautin magana amma ba ku fahimtar ta, musamman a taron biki, a mota ko inda ake hira da yawa.
• Kalmomi masu kama da juna suna rikice muku, kamar fata da sata, ko safe da shafe. Siraran sautuka irin su s, sh, f da ts ne ke fara ɓacewa.
• Muryar jikoki da ta mata ta fi ta maza wuyar ji.
• Ana cewa kun cika ƙure ƙarar rediyo ko talabijin.
• Ba ku gane mutum sai ya zo dab da ku, ko sai ya yi magana.
• Kuna tuntuɓe da bakin matakala, ko kuna buge kafaɗa da ƙofa.
• Ana cewa gishiri ya yi yawa a girkinku, ku kuwa ba ku ji shi ba.
• Abinci ya ƙone a kan wuta ba ku ji ƙauri ba.
• Kun ga ciwo ko ƙuna a ƙafa, ba ku san lokacin da kuka ji shi ba.
• Turancin da a da kuke fahimta yanzu yana yi muku wuya. Harshen da mutum ya koya da girma shi ne ke fara wuyar ji idan kunne ya yi nauyi.

Idan biyu ko uku cikin waɗannan sun dace da ku, ku faɗa wa likitanku na unguwa, wato GP. Kada ku ce tsufa ne kawai, ku haƙura. Da yawa daga cikin waɗannan matsaloli suna da magani ko abin da ke rage su.

Yaya yake shafar lafiya?

Faɗuwa. Tsayuwar mutum a kan ƙafafunsa ta dogara ne ga abu uku: ido, sashen daidaito na cikin kunne, da jin ƙasa a tafin ƙafa. Idan ɗaya ya yi rauni, sauran biyun sukan riƙe. Idan biyu suka yi rauni, ƙaramar darduma da ta naɗe ta isa ta kayar da mutum. Kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka haura shekara 65 yana faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, ga waɗanda suka haura 80 kuwa kusan rabi ne. Karayar ƙashin ƙugu tana iya kwantar da dattijo watanni, wasu kuma ba sa komawa tafiya yadda suke a da.

Kuskuren magani. Likita ya yi bayani ba a ji sosai ba, an zo gida rubutun kwalbar ya yi ƙanƙanta, ƙwayoyin kuma duk farare ne. Ta haka ake shan magani sau biyu ko a tsallake shi. Ga mai allurar insulin ko mai shan maganin tsinka jini, wannan kuskure yana iya kai shi asibiti cikin gaggawa.

Rama da rashin cin abinci. Idan abinci ya daina daɗi, sha'awar ci tana raguwa, mutum ya rame ba a lura ba. Wani kuma sai ya ƙara gishiri da dunƙulen ɗanɗano da suga, abin da ke tayar da hawan jini da ciwon suga. Babban mutum bai kamata ya wuce giram 6 na gishiri a rana ba, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin burodi da abincin gwangwani. Citta, tafarnuwa, albasa, kanumfari da lemon tsami suna tayar da ɗanɗano ba tare da gishiri ba.

Gobara da guba. Wanda hancinsa ya daina aiki ba zai ji warin gas ko hayaƙi ko ruɓaɓɓen abinci ba. Idan kunne ma ya yi nauyi, ƙararrawar hayaƙi tana iya bugawa da dare bai farka ba.

Ciwon ƙafa. Ga mai ciwon suga, ɗan tsakuwa a takalmi ko ruwan zafi yana iya jawo gyambon da ba a ji zafinsa. Idan ido ba ya ganin tafin ƙafa, gyambon yakan girma kafin a sani, har a kai ga yanke yatsa ko ƙafa.

Kaɗaici da ciwon damuwa. Mutumin da a da shi ne mai ba da shawara a gida, yanzu ana hira yana zaune yana murmushi, bai san abin da ake cewa ba. Ya gaji da cewa "me kuka ce?", sai ya daina tambaya. Daga nan ya daina zuwa suna da ɗaurin aure da gaisuwar makoki, wayar 'yan'uwa daga gida ma ya daina ɗauka. Wannan janyewa tana kawo baƙin ciki mai daɗewa, rashin barci da rashin cin abinci. Ciwon damuwa ciwo ne kamar kowane, kuma yana da magani.

Yana da alaƙa da cutar mantuwa?

Akwai alaƙa ta fuska biyu, kuma ya kamata ku san duka biyun.

Ta farko, ana iya ɗaukar raunin ji da gani a matsayin mantuwa alhali ba ita ba ce. Dattijuwa ta ba da amsar da ba ta dace da tambaya ba, ba ta gane surukarta a bakin ƙofa ba, ta ce ba a faɗa mata ranar ganin likita ba. 'Ya'ya su ce Inna ta fara ruɗewa. Tana yiwuwa ba ta ji tambayar ba ne, ba ta ga fuskar ba, kuma abin da kunne bai kama ba ƙwaƙwalwa ba ta da abin da za ta ajiye. Saboda haka, idan za a yi muku gwajin ƙwaƙwalwa, ku je da tabarau da na'urar jinku, ku nemi tafinta, ku kuma roƙi a duba ido da kunne tukuna.

Ta biyu, raunin da aka bari ba magani yana ƙara haɗarin kamuwa da mantuwar ta gaske. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya sa raunin ji cikin abubuwan da ke ƙara wannan haɗari waɗanda ake iya gyarawa, a rahotonsa na 2024 kuma ya ƙara da raunin gani da ba a yi wa magani ba. A wani gwaji da aka wallafa a 2023 a kan dattawa masu shekara 70 zuwa 84 a Amurka, na'urar ji ta rage saurin dusashewar tunani da kusan rabi cikin shekara uku ga waɗanda dama suke cikin haɗari mai yawa, ko da yake ba a ga wannan bambanci ga sauran masu ƙoshin lafiya ba. Wannan ba ya nufin duk mai raunin ji zai kamu da mantuwa. Abin da yake nunawa shi ne gyaran ido da kunne yana cikin kula da ƙwaƙwalwa.

Akwai kuma wani abu da mutane ke jin nauyin faɗa. Wasu masu raunin gani sukan ga abubuwan da babu su: zane-zane a bango, fuskoki, ƙananan mutane ko dabbobi. Likitoci suna kiran wannan da sunan Charles Bonnet, masanin da ya fara bayyana shi. Ƙwaƙwalwa ce ke cike gurbin hoton da ido ya daina aiko mata. Ba taɓin hankali ba ne, kuma yakan ragu da lokaci. Idan yana faruwa da ku, ku faɗa wa likita domin a tabbatar ba wani abu ne daban ba.

Wane gwaji da magani ake samu?

Ido. Duk wanda ya kai shekara 60 ana yi masa gwajin ido kyauta a shagon masu tabarau da ke aiki da NHS, yawanci sau ɗaya a shekara biyu. Haka ma mai ciwon suga ko gilakoma, da wanda ya kai shekara 40 kuma mahaifinsa, mahaifiyarsa, ɗan'uwansa na jini ko ɗansa yana da gilakoma. Idan ba ku iya fita ku kaɗai saboda rashin lafiya, ana iya zuwa gida a yi muku. Mai ciwon suga yana samun wasiƙar gayyata ta ɗaukar hoton bayan ido duk shekara ko duk shekara biyu. Wannan daban yake da gwajin tabarau, kuma ana bukatar duka biyun.

Aikin cire yana ba ya wuce minti 30 zuwa 45 ga yawancin mutane. Ana kashe zafin idon ne kawai, ba a sa ku barci, kuma a ranar ake komawa gida. Idan kun je gida ganin dangi, kada ku yarda a kwantar muku da yana a gargajiyance ta hanyar tura ta cikin ido da tsinke, domin hakan yana yawan jawo makanta. Kada kuma ku ɗiga ruwan ganye ko wani haɗi a ido. Wasu nau'o'in kwalli suna ɗauke da dalma, wadda guba ce.

Idan an ba ku maganin ɗigawa na gilakoma, na kullum ne, ko da ba ku jin komai. Masu azumi kada su ajiye shi. Ku tambayi likita yadda za a daidaita lokacin ɗigawa da sahur da buɗa baki. Danne kusurwar ido ta wajen hanci na ɗan lokaci bayan ɗigawa yana hana maganin sauka maƙogwaro.

Kunne. Likitan unguwa zai leƙa kunnen ya ga ko datti ne, sannan ya tura ku sashen gwajin ji. A wasu yankuna kuna iya neman gwajin da kanku. Gwajin ba shi da zafi. Na'urar ji ta NHS aro ake bayarwa kyauta, da batir da gyara. Kada ku sa tsinken ashana, gashin kaza ko auduga mai tsinke a kunne, domin suna tura dattin ciki kuma suna iya huda dodon kunne.

Sabuwar na'urar ji tana bukatar haƙuri. A makonnin farko ƙarar cokali da ta takarda za su yi muku yawa, muryarku ma za ta zo muku baƙuwa. Ku riƙa sa ta kullum, kuna ƙara lokaci a hankali, har ƙwaƙwalwa ta saba. Idan tana fito, ko tana jin ciwo, ko yatsunku ba sa iya sa batir, ku koma a gyara. Kada ku jefa ta a aljihun tebur. Ku cire ta kafin wanka ko alwala. Idan idonku ma yana da rauni, ku faɗa wa ma'aikacin, domin a zaɓa muku wadda ta fi sauƙin sarrafawa.

Ƙafa da daidaito. Mai ciwon suga ya kamata a duba ƙafafunsa aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan kun taɓa faɗuwa, ko kuna jin jiri idan kun miƙe, ku faɗa ko da ba ku ji ciwo ba. Za a auna jininku a kwance da a tsaye, a duba magungunanku, a kuma koya muku motsa jiki na ƙarfafa ƙafa.

Me zan iya yi a gida?

• Ku ƙara haske. Idon ɗan shekara 60 yana bukatar haske kusan ninki uku na wanda ɗan shekara 20 ke bukata. Ku sa fitila mai ƙarfi a matakala da ɗakin girki, ku bar ƙarama a kunne a hanyar bayan gida da dare.
• Ku kawar da ƙananan dardumai, wayoyin lantarki da takalma daga hanya. Ku manna tef mai launi a bakin kowace matakala. Tabarau mai haɗe da na karatu yana rikita ganin matakala, saboda haka ku riƙe abin dafawa.
• Kowane abu ya kasance da wurinsa, kuma kada a sauya wurin kujeru ba a faɗa muku ba.
• Ku yi amfani da bambancin launi: farin tuwo a faranti mai duhu, baƙin shayi a farin kofi.
• Ku roƙi mai ba da magani a kemis ya buga muku takardar kwalba da manyan haruffa, ku kuma tambaye shi game da akwatin jera ƙwayoyi na mako. Akwai na'urar awon suga mai magana.
• Ku kira ofishin 'yan kwana-kwana na yankinku ku nemi ziyarar duba gida, kyauta ce. Akwai ƙararrawar hayaƙi mai walƙiya da faifan da ake sawa ƙarƙashin matashi, wanda ke girgiza idan gobara ta tashi.
• Ku sa na'urar gano iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi kuma tana kisa. Kada ku hura gawayi a cikin gida domin girki ko jin ɗumi. Kada ku bar kaskon turaren wuta ku kwanta.
• Ku bi kwanan watan da ke jikin abinci, kada ku dogara da hanci. Firiji ya kasance a digiri 5 ko ƙasa da haka.
• Kada ku gwada zafin ruwan wanka da ƙafa. Ku gwada da gwiwar hannu, ko wani ya gwada muku. Ku zazzage takalmi kafin sawa, kada ku yi yawo ba takalmi, kuma a duba muku tafin ƙafa kullum idan kuna da ciwon suga.
• Ku ci gaba da fita cikin jama'a. Ku zauna kusa da mai magana. Wurare da dama, har da asibitoci, bankuna da wasu wuraren ibada, suna da na'urar da ke aika murya kai tsaye cikin na'urar ji. Alamarta hoton kunne da harafin T.

Game da tuƙi: doka ta ce dole ku iya karanta lambar mota daga nisan mita 20, da tabarau idan kuna sawa. Daga shekara 70 ana sabunta lasisi duk shekara uku. Idan ciwo irin gilakoma ya shafi idanu biyu, dole ku sanar da hukumar lasisi ta DVLA. Raunin ji shi kaɗai ba ya hana tuƙa ƙaramar mota.

Ga 'ya'ya, jikoki da masu kula

• Ku yi sallama, ku faɗi sunanku, ku taɓa hannun dattijon a hankali kafin ku fara magana. Idan za ku fita, ku faɗa masa, kada ya ci gaba da magana shi kaɗai.
• Ku fuskance shi, haske yana kan fuskarku. Sunkuyar da kai saboda ladabi yana ɓoye masa leɓenku, don haka ku ɗago.
• Ku kashe talabijin. Ku yi magana a sarari, mutum ɗaya a lokaci guda. Ihu yana ɓata sautin kalma, yana kuma kama da faɗa.
• Idan bai ji ba, ku sake faɗa da wasu kalmomi. Kada ku ce "bar shi, Baba, ba komai." Wannan kalma ita ce ke cire mutum daga hirar gidansa.
• Idan za ku yi masa jagora, shi ne zai riƙe hannunku sama da gwiwar hannu, ku kuna ɗan gaba da shi. Ku faɗa masa idan an zo matakala, kuma hawa ce ko sauka.
• Ku bar shi ya yi abin da yake iyawa, ko da zai ɗauki lokaci. A gaban likita, ku bari ya amsa da bakinsa.

Mai kula da dattijo shi ma yana da haƙƙin ƙaramar hukuma ta duba bukatunsa, domin a sama masa hutu da taimako.

Wane haƙƙi nake da shi?

A dokar Ingila, ba sai mutum ya makance ya kurumce gaba ɗaya ba kafin a lissafa shi cikin masu raunin gani da ji. Ya isa idan haɗuwar biyun tana wahalar da shi wajen magana da mutane, samun bayani da zirga-zirga. A ƙarƙashin dokar kula da manya ta 2014, dole ƙaramar hukuma ta sa wanda ya sami horo na musamman ya duba bukatun irin wannan mutum. Ku kira sashen walwalar manya na ƙaramar hukumarku. Suna iya ba da kayan aiki, horon tafiya da sanda, da mai rakiya. Sanda mai ja da fari tana sanar da jama'a cewa mai riƙe da ita yana da raunin gani da ji duka.

Tun daga 2016, wajibi ne asibitoci da likitocin unguwa na NHS a Ingila su tambaye ku yadda kuke son a ba ku bayani, su rubuta a fayil ɗinku, su kuma bi shi, ko da manyan haruffa ne, ko saƙon waya, ko murya. Ana samar da tafinta kyauta. Idan kunnenku yana da nauyi, ku nemi wanda zai zo da kansa, domin tafinta ta waya yana da wuyar ji. Bai dace a sa ƙaramin yaro ya yi tafinta a kan rashin lafiyar kakansa ba.

Wanda ya kai shekarun fansho kuma yana bukatar taimako a harkokinsa na yau da kullum yana iya neman kuɗin tallafi da ake kira Attendance Allowance, wanda ba a duba yawan kuɗin shigar mutum kafin a bayar. Ƙungiyoyin RNIB, RNID, Deafblind UK da Sense suna ba da shawara kyauta.

Idan za a kwantar da ni a asibiti fa?

Ku zo da tabarau, na'urar ji, ƙarin batir, haƙoran roba da jerin magungunanku. Ku faɗa wa nas tun ranar farko wane kunne ne ya fi ji, kuma ko kuna ganin abinci idan an ajiye. Dattijon da aka raba da tabarau da na'urar jinsa a baƙon wuri ya fi saurin shiga ruɗewa ta farat ɗaya, musamman bayan tiyata ko lokacin zazzaɓi. Idan 'yan'uwa suka ga ya sauya cikin kwana ɗaya ko biyu, su faɗa nan take. Kada ku sa hannu a takardar amincewa da aiki sai kun fahimci abin da ke ciki. Babu laifi a ce wa likita ya maimaita.

Yaushe ne abin ya zama na gaggawa?

Ku kira 999 idan fuska ta karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta sarƙe, ko gani ya ɗauke farat ɗaya. Waɗannan alamun shanyewar ɓarin jiki ne. Haka kuma idan kun faɗi kun bugu a kai alhali kuna shan maganin tsinka jini, ko kun kasa tashi.

Ku nemi likita a ranar, ko ku kira 111, idan:

• ji ya ɗauke a kunne ɗaya ko biyu cikin kwana uku ko ƙasa da haka, domin maganinsa ya fi aiki idan an fara da wuri;
• kuna ganin walƙiya, ko ɗige-ɗige masu yawo sun ƙaru farat ɗaya, ko kamar labule yana rufe gefen ido;
• ido ya yi ja da ciwo mai tsanani tare da tashin zuciya;
• miƙaƙƙen layi, kamar gefen ƙofa, ya koma a lanƙwashe;
• sabon ciwon kai ya kama ku a gefen goshi, tare da ciwon muƙamuƙi wajen tauna;
• kuna da ciwon suga kuma ƙafa ta yi gyambo, ta kumbura ko ta sauya launi.

Idan ba ku jin waya, ku yi rajistar lambarku tun yanzu: ku aika kalmar register a saƙon waya zuwa 999, ku bi amsar da za a turo. Daga nan kuna iya kiran agaji da saƙo.

Kafin ranar ganin likita

Ku rubuta, ko a rubuta muku, abubuwan da suka fara gagarar ku da lokacin da suka fara. Ku ambaci duka, na ido da na kunne da na hanci da na ƙafa, ko da a sashe ɗaya aka ba ku rana, domin likitan ido ba zai san kunnenku ya yi nauyi ba sai kun faɗa. Ku taho da wanda kuka amince da shi, ku kuma nemi a rubuta muku abin da aka yanke da manyan haruffa.

Ana iya samun wannan takarda da manyan haruffa ko a murya. Ku tambayi nas ko ma'aikacin da ke teburin karɓar baƙi.